Dokin turke da ubangidansa: ɓarnar da insulin ke yi kafin sukari ya hau

A Yamai, idan mutum ya ce an gwada masa sukari, abin da yake nufi shi ne an soki ɗan yatsansa, na'ura ta nuna 0,95, wato giram na sukari a litar jini, ko kusa da haka, aka ce masa lafiya lau. Lambar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗin wahalar da jiki ya sha kafin ya riƙe sukarin a wurin. Mutum biyu na iya nuna 0,95 a safiya ɗaya. Na farko da ɗan insulin kaɗan ya samu haka, na biyun kuwa sai da jikinsa ya zuba ninkin-ba-ninkin. Wannan na biyun yana kan hanyar ciwon sukari, kuma yana iya shafe shekara goma ko fiye a kanta kafin wata na'ura ta kama shi. Dabbar da ta fi fito da wannan ɓoyayyen mataki fili ita ce doki. Shi ba kasafai yake ƙarasawa ga ciwon sukari ba, amma kofatonsa na lalacewa alhali sukarin jininsa na nan daidai.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance bayan tumbi, take sakewa cikin jini duk lokacin da aka ci abinci. Tuwo ko shinkafa ko hatsin da aka zuba wa doki, sitacin da ke cikinsu yana narkewa a ƙaramin hanji ya koma sukari ya shiga jini. Insulin ne ke sa tsoka ta buɗe ta karɓi wannan sukari, kuma tsoka ce ke ɗaukar mafi yawansa, wajen kashi 80 cikin ɗari a lokacin da insulin ke aiki sosai. Shi ne kuma ke tsayar da hanta daga zuba nata sukarin, ya hana kitsen jiki narkewa. Aikinsa ajiya ne, shi ya sa jikin da insulin ya yi wa yawa dare da rana ba ya sakin kitse da sauƙi.

Tsarin yana karkacewa ta hanya uku, kuma ba dole su zo tare ba. Ta farko ita ce tsoka da hanta su daina jin insulin yadda ya kamata, galibi saboda kitse ya cika ma'ajiyarsa ya fara taruwa cikin hanta da tsoka da kewayen hanji. Ta biyu ita ce fankiriyas ta riƙa zuba fiye da kima bayan cin abinci, saboda wasu sinadaran da hanji ke fitarwa suna zuga ta. Ta uku ita ce hanta, wadda a ƙa'ida take kwashe rabin insulin ko fiye tun a zagayen farko, ta rage kwashewa, sai ya daɗe yana yawo cikin jini. Likitocin mutane sun fi sanin ta farkon. Tun 1936 Harold Himsworth a Landan ya lura cewa masu ciwon sukari kashi biyu ne, waɗanda insulin ke yi wa aiki nan take da waɗanda jikinsu ke bijire masa. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya nuna cewa wannan bijirewar ce ke haɗa hawan jini da gurɓacewar kitsen jini da hawan sukari a jikin mutum ɗaya. Likitocin dawaki kuwa sun gano cewa akwai dabbar da tsokarta ke jin insulin sarai, amma da ta ci abu mai zaƙi sai insulin ɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa suka fi son su ce rikicewar insulin, kalmar da ta ɗauki duka ukun.

A nan ne hanyar mutum da ta doki suke rabuwa. Fankiriyas ta mutum tana gajiya. Bayan shekaru tana ninka aiki, ƙwayoyin da ke yin insulin sukan fara raguwa da rauni, sai sukarin bayan cin abinci ya fara hawa, daga baya na safe ya biyo. Ranar da aka ga giram 1,26 a lita kafin karyawa, aka maimaita aka sake gani, an sa wa ciwon suna, amma ya daɗe da shiga gidan. Fankiriyas ta doki ba ta cika gajiya haka ba. Tana ci gaba da zubawa shekara da shekaru, sukari na zaune daram, insulin na sama. Saboda haka wanda ya ɗauki na'urar gwajin sukarin mutane ya soki dokinsa ya ga lamba mai kyau, bai gwada komai ba.

Inda ɓarnar ke sauka

Ƙashin ƙarshe na ƙafar doki ba a kan tafin kofato yake zaune ba. Rataye yake a jikin bangon kofaton daga ciki, ta hanyar wasu siraran faifai na nama wajen 550 zuwa 600 a kowace ƙafa, kowane ɗaya kuma da ƙananan rassa fiye da ɗari. Faifan ɓangaren ƙashi da na ɓangaren bango sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe, kuma a kan wannan sarƙewar ce nauyin dabba duka yake. Idan insulin ya daɗe da yawa cikin jini, ƙwayoyin faifan nan sukan miƙe su yi tsawo su yi laushi, riƙon ya saki. Nauyin jiki na danna ƙashi ƙasa, babbar jijiyar bayan ƙafa na jan sa baya, sai bakinsa ya juya ya nufi tafin kofato. Idan abin ya yi tsanani har huda tafin yake yi. Likitocin bisashe a nan da sunan Faransanci suke kiran ciwon, furbur, masu dawaki kuma su ce kofato ya kama shi.

Ba hasashe ba ne cewa insulin kansa ke yin wannan. A 2007 masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka ɗauki ƙananan dawaki lafiyayyu, marasa ƙiba, suka riƙa ɗura musu insulin ta jijiya tare da riƙe sukarin jininsu a daidai. Cikin awa 72 dukansu suka kamu da ciwon kofato, waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri kawai kuma babu abin da ya same su. A 2010 aka maimaita da manyan dawaki, ciwon ya bayyana cikin awa 48. Shekara ɗaya bayan haka, a asibitin dabbobi na Helsinki, aka binciki dawakin da aka kawo da ciwon kofato aka tarar kusan tara cikin goma matsalar sinadaran jiki ce tushensa. Kafin waɗannan shekaru ana ɗora laifin ne kan guba daga hanji kusan ko da yaushe.

Wancan nau'in ma yana nan, kuma a Yamai ba baƙo ba ne. Doki ya kwance da dare ya faɗa wa buhun hatsi, sitaci ya fi ƙarfin ƙaramin hanji ya wuce babban hanji, ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, guba ta shiga jini, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙafafu su kama. Haka goɗiyar da mabiyiya ta maƙale mata fiye da awa uku bayan haihuwa. Akwai kuma dokin da ya ji rauni a ƙafa ɗaya ya jingina nauyinsa kan ɗayar makonni. Waɗannan suna zuwa da hayaniya, kowa ya san ranar da suka fara. Na insulin a hankali yake ci, shi ya sa ake kiransa da wasu sunaye: an ce doki ya yi ƙyuya, ko ƙasa ta yi masa zafi, ko mai yankan kofato ya zurfafa wuƙa.

Jiki magayi. Dokin da abin ya kama yakan miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, ya riƙa ɗaga wannan ƙafa ya ajiye ya ɗaga waccan. A kan rairayi yana iya tafiya ba laifi, amma a juya shi a kan jar ƙasa mai tauri ko kwalta a ga yadda yake ɗingishi. A sa yatsu a bayan gaɓar da ke saman kofato: a lafiyayyen doki da ƙyar ake jin bugun jini a wurin, a mai ciwo kuwa yana dukan yatsa. Sannan a duba bangon kofaton. Idan akwai zobba da suka matsu da juna ta gaba suka buɗe ta wajen dunduniya, to ciwon ya sha zuwa yana komawa. Kofato na tsirowa milimita 6 zuwa 10 a wata, don haka zoben da ke santimita uku ƙasa da gashi yana ba da labarin abin da ya faru wata uku zuwa biyar da suka wuce, kuma mai barga mai lura zai iya tuna abin da aka canza a komi a lokacin.

Dole a faɗi wata gaskiya a nan don kada a ɗauki maganar a kai ta inda ba ta dace ba. Yawancin dawakin Nijar ramammu ne. Dokin amalanke da na ƙauye da ke fama da tsutsar ciki da ƙarancin ciyawa a bazara ba rage abinci yake buƙata ba. Dokin tsere da ake fita da shi kilisa kullum yana ƙone hatsinsa. Wanda ake magana a kai shi ne dokin alfarma, na gidan sarauta ko na attajiri, wanda ke ɗaure a turke daga wannan Sallah zuwa waccan, ana cika masa komi safe da yamma, baƙi na zuwa suna cewa "Alhaji, doki ya yi kyau, ya cika sirdi." A ƙasashen da aka yi bincike, jinsunan da suka fi kamuwa su ne waɗanda suka tashi a ƙasa mai ƙarancin abinci, wato ƙananan dawaki da na Larabawa da na Sifen, da kuma jakai. Dokin Sahel da kakanninsa suka rayu kan busasshiyar ciyawa da tafiya mai nisa yana da irin wannan jiki mai riƙon abinci, kuma ya kamata a lura da shi a haka.

Shawarwarin da ake karantawa daga Turai suna yawan gargaɗi kan ɗanyar ciyawar bayan sanyi, domin ciyawar can tana tara wani irin sukari a kara idan dare ya yi sanyi rana ta fito. Ciyayinmu na ƙasa mai zafi ba haka suke ajiya ba, kuma dokin birni ba ya ma zuwa kiwo. Haɗarin a nan cikin kwarya yake. Hatsi da dawa da masara sitaci ne wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsu. Ma'aunin da masana abincin dawaki ke bayarwa ga lafiyayyen doki shi ne kada sitacin ci ɗaya ya wuce giram 1 a kowane kilo na nauyinsa. Doki mai kilo 310 ke nan giram 310 na sitaci, wato kusan rabin kilo na hatsi. Tiya guda kuwa wajen kilo biyu da rabi ce. Wanda ke juye wa dokinsa tiya a zama ɗaya ya ba shi ninki biyar na ƙa'ida. Dusar gida ma ba ta kuɓuta ba, domin surfe da daka suna barin gari mai yawa a cikinta. Ga kuma ɗanyen burgu da ake yankowa daga bakin kogi, wanda karansa ke da zaƙin da har mutanen kogi a Mali ke yin abin sha da shi. Ga dokin da wuyansa ya riga ya yi kauri, burgu ɗanye ba ciyawa ce kawai ba.

Yadda ake aunawa ba tare da na'ura ba

Nauyin doki da tef ɗin tela ake samunsa. A auna zagayen ƙirji a wurin da majayi ke zama, sannan tsawon jiki daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin kuturi, duka da santimita. A ninka zagayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11877. Mai zagaye 160 da tsawo 145 yana da kilo 312 ko kusa. Sannan a sa hannu a haƙarƙari: ya kamata a ji ƙasusuwan da ɗan shafawa, idan sai an danna, kitse ya yi yawa. Wurin da ya fi faɗin gaskiya shi ne saman wuya, ƙarƙashin geza. Likitoci na ba shi maki daga 0 zuwa 5. Idan tudun ya cika tafin hannu, ya yi tauri, ya fi kauri a tsakiya, ya kai 3, daga nan kuma ake fara zargi. A duba gindin wutsiya, bayan kafaɗa, gaban hantsa ko kuben ingarma, da ramin saman ido idan ya cike ya kumbura. Akwai dokin da ake ganin haƙarƙarinsa amma wuyansa tudu ne. Shi ma yana cikin lissafi.

Gwajin jini na gaskiya shi ne na insulin, ba na sukari ba. Insulin da ya haura 50 a ma'aunin da aka saba, a dokin da bai ci hatsi ba, ya tabbatar da zargi, tsakanin 20 da 50 kuma abin shakka ne. Amma da yawa daga masu matsalar suna nuna daidai idan ba su ci komai ba, don haka gwajin da ya fi kamawa shi ne a hana abinci ƴan awoyi, a ba da sukari gwargwadon nauyi, a ɗebi jini bayan minti 60 zuwa 120 bisa irin sukarin da aka bayar. Jinin sai an raba ruwansa an sanyaya shi da wuri, abin da ke da wuya a watan Afrilu. Kada a yi gwajin lokacin da doki ke cikin zafin ciwo, domin zafi da firgita suna ɗaga lambar. Idan dokin ya haura shekara 15, gashinsa ya yi tsawo ya ƙi zuba, bayansa ya rame, yana yawan shan ruwa, to a yi tunanin wata cuta ta daban da ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, wadda ke kama kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin dawaki, kuma tana da nata magani mai suna pergolide.

Ga mutum ma tef ɗin nan ne. A auna ciki a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a tsaye, bayan an saki numfashi. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta sa iyaka a santimita 94 ga maza da 80 ga mata, lambobin da aka aro daga Turawa ake amfani da su a Afirka. Wanda ya fi sauƙin riƙewa shi ne kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum: a yanki igiya daidai tsayinsa, a ninka ta biyu, idan ba ta zagaye cikin ba akwai magana. A haɗa da hawan jini daga 130 bisa 85, da sukarin safe daga giram 1,00. A duba bayan wuya da hammata, idan fata ta yi baƙi ta yi kauri tana laushi kamar an shafa datti, ba datti ba ne kuma sabulu ba ya fitar da shi, yawan insulin ne ke sa fatar tsiro. Mace mai rikicewar al'ada da gashin haɓa da wahalar samun ciki, ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, ita ma ta nemi gwaji.

Takardar sakamakon gwaji na iya yaudarar ɗan Afirka ta Yamma ta wurare biyu. Kitsen jinin da ake kira tirigiliserid, wanda ke hawa a jikin Bature mai bijirewar insulin, sau da yawa yakan zauna daidai a jikin baƙar fata ko da matsalar na nan. Sannan gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, wanda 6,5 cikin ɗari ke nufin ciwon sukari, ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini. Mai amosanin jini ko mai ɗauke da rabinsa, da wanda maleriya ko zubar jini suka rage masa jini, na iya samun lamba ƙasa da ta gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma ya kan ɗaga ta. Inda aka yi shakka, a koma ga tsohon gwaji: a sha giram 75 na sukari cikin ruwa da safe bayan an kwana ba a ci komai ba, a auna bayan awa biyu. Daga 1,40 zuwa 1,99 gargaɗi ne, 2,00 zuwa sama ciwon ne. Ƙididdigar ƙungiyar nan ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba.

Kada kuma siriri ya ce ya tsira. A 1992 Hales da Barker a Ingila suka kawo hujjar cewa jaririn da ya sha yunwa a ciki ko a farkon rayuwa yana tashi da fankiriyas mai ƙarancin ƙarfi da tsoka kaɗan. Waɗanda aka haifa a Adar ko Zarmaganda cikin yunwar 1973 zuwa 1974 ko ta 1984 zuwa 1985 yanzu magidanta ne, da yawansu a Yamai, suna cin shinkafa da burodi, suna hawa babur zuwa wurin da dā da ƙafa ake zuwa. Irin wannan jiki ba ya buƙatar ƙiba mai yawa kafin ya gaza, ɗan tumbi ya isa.

Akwai wani abu guda da ake ba doki ake kuma ba mutum, da niyya ɗaya, da sakamako ɗaya: dexamethasone, wani maganin kumburi. Ana sayar da shi a tebur da kan kai, mata na shan sa don su yi jiki kafin biki ko bayan haihuwa, wasu masu dabbobi na yi wa dabba allurarsa don ta murje kafin a kai ta kasuwar dabbobi ta Turaku. Yana sa hanta ta ƙara zuba sukari, ya toshe tsoka daga karɓa, ya kwashe nama daga cinya da hannu ya tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya. Abin da ake gani kamar ƙiba, rabinsa ruwa ne da kitsen da ya sauka inda ya fi cutarwa. Ga dokin da insulin ɗinsa ke sama, allurar na iya zama abin da zai tunkuɗa kofato. Man shafawa na sauya launin fata masu ɗauke da irin wannan sinadari suna shiga jini su yi aiki iri ɗaya idan an daɗe ana shafa su a jiki duka. Wanda ya yi makonni yana shan ƙwayar kada ya yanke ta rana ɗaya, domin jikinsa ya daina yin nasa, sai likita ya rage masa a hankali.

Gyaran doki daga komi yake farawa. A cire hatsi da dusa gaba ɗaya, da rake da dabino da mangwaro da ƙwayar sukarin da yara ke miƙa masa. A ba shi busasshiyar ciyawa kashi 1,5 cikin ɗari na nauyinsa a yini, wato wajen kilo 4,7 ga dokin da muka auna, a kan sikeli ba da ƙiyasin dami ba, a raba sau huɗu ko biyar don kada cikinsa ya daɗe wayam. Ciyawar rani ba ta da sukari sosai amma ba ta da gina jiki, don haka a sa kamar kilo guda na harawar wake ko ta gyaɗa cikin wannan adadi, da gishiri da ruwa wadatacce. Idan ana shakkar zaƙin wata ciyawa, a jiƙa ta awa ɗaya a zubar da ruwan, kada a bar ta ta wuni a ruwa cikin zafinmu domin ruɓewa take yi. Bambaron shinkafa na iya maye gurbin wani kashi, amma a shigar da shi sannu-sannu cikin mako biyu, in ba haka ba ya toshe hanji. Abin nema shi ne raguwar rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyi a mako, a riƙa sa tef duk mako biyu. Horo da yunwa kuskure ne babba, musamman ga jaki da ƙaramin doki da goɗiya mai ciki. Idan aka yanke musu abinci kwatsam, kitse na kwararowa cikin jini ya cika hanta, kuma yana kisa. Jaki mai ƙiba da ya ƙi ci kwana ɗaya a kira masa likita a ranar.

Idan kofato ya riga ya kama, ba a jan doki a ce ya taka ya warware. Kowane taku na ƙara yaga faifan. A tsayar da shi a kan rairayi mai zurfi mai laushi, wanda Allah ya hore mana, domin yana cika tafin kofato ya ɗauke wa bango nauyi. Likita zai ba da maganin zafi, yawanci phenylbutazone wajen miligiram 2,2 a kowane kilo sau biyu a yini, na ƴan kwanaki, kuma sai an tabbatar dabbar na shan ruwa, domin a jikin da ya bushe yana taɓa ƙoda da hanji. Lalas da tsaga a saman kofato ba sa kai wa inda ciwon yake. Mai yankan kofato ya rage tsawon gaba kaɗan-kaɗan duk mako huɗu zuwa shida, ya bar tafin da kaurinsa, in da hali bisa hoton ƙashi. Sabon kofato daga sama har ƙasa yana cin wata tara zuwa shekara. Kilisa ba ta dawowa sai doki ya yi makonni yana tafiya daidai ba tare da magani ba, sannan a fara da taku a ƙasa mai laushi, a kai ga sassarfa ta rabin awa sau uku zuwa biyar a mako. Metformin, wanda shi ne ginshiƙin maganin ciwon sukari na mutane, hanjin doki ba ya tsotsar ko kashi goma cikin ɗari nasa, don haka ba a dogara da shi. Sababbin magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari suna saukar da insulin ɗin doki sosai, amma suna ɗaga kitsen jini, sai da gwaji a kai a kai.

Ga mutum hujjar ta fi ƙarfi. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, kan mutum fiye da dubu uku da ke bakin kamuwa, ya nuna cewa rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da tafiya minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, metformin kuma da kashi 31. Ga mai kilo 90, kilo shida ke nan da ɗoriya. Dalilin da tafiya ke aiki shi ne tsokar da ke motsi tana jan sukari ko babu insulin, kuma tana ci gaba da jin insulin da kyau kwana ɗaya zuwa biyu bayan haka. Shi ya sa tafiyar kullum ta fi gudun ranar Lahadi, kuma minti goma sha biyar bayan tuwon dare sun fi amfani da a kishingiɗa nan take. A abinci, abin sha ne ya fi saurin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce wajen giram 50 a yini, rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da kusan 35. Ƙwayar sukari guda giram 5 zuwa 6 ce, mai zaman fada ya lissafa nawa ke shiga butar shayi daga na fari zuwa na uku, sau nawa kuma ake ɗorawa a yini, kafin a zo kan zoɓo da lemu hari. Hatsin da ke cutar da dokin turke shi ne ya fi farar shinkafa amfani ga ubangidansa. Wani bincike da aka yi a Bamako aka wallafa a 2018 ya nuna tuwon hatsi da na dawa sun fi shinkafa da dankali da taliya daɗewa a tumbi. Fura da nono ba sukari, wake, kwaɗon zogale, miyar kuɓewa da ta kuka, duk suna rage saurin hawan sukari, muddin malmalar ba ta zama uku ba.

Watan azumi ne matsalolin biyu ke haɗuwa a gida ɗaya. Mai ciwon sukari ya ga likita mako shida zuwa takwas kafin watan. Metformin ba ya cika faɗar da sukari, ana dai sauya lokutan shansa zuwa buɗa-baki da sahur, amma glibenclamide, wata ƙwayar ciwon sukari, na iya kayar da mutum da la'asar, gara a canza shi tun da wuri. Magungunan fitar da sukari ta fitsari suna ƙara bushewar jiki, abin dubawa ne idan azumi ya faɗo cikin zafi. Ƙa'idar da likitoci da malamai suka yi tarayya a kai ita ce a karya idan sukari ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura 3,00, kuma sokin yatsa don gwaji ba ya karya azumi. A barga kuma, watan ne da kilisa ke tsayawa saboda ɗan barga na azumi, ana kuma ƙara hatsi don doki ya cika ido ranar hawa. Kwana talatin na tsayuwa da ci, sannan a ɗora masa sirdi da kayan ado da mahayi a yi sukuwa da zamiya a ƙasa mai tauri. Abin da ya kamata shi ne a rage hatsin daidai da raguwar aiki, a mayar da fita zuwa bayan sallar asuba ko bayan an sha ruwa, ko da jan sa da ragama ne na rabin awa, a kuma taɓa bugun jinin ƙafafun gaba kowace safiya a makon ƙarshe. Dokin da aka ji bugunsa ya yi ƙarfi ko kofatonsa ya yi ɗumi a makon nan, a ɗaura wa wani sirdin.